Garkuwa Biyu

Gidan sauron da aka ba Nyevu wajen awon ciki, 'yan tsaki ne ke kwana a cikinsa. Mijinta Kitsao ne ya kafa shi a gindin kwakwa saboda shirwa, ya ce aƙalla kaji sun san darajarsa.

Kitsao mai hawan kwakwa ne, bakinsa kuwa ya fi ƙafarsa sauri. Duk ƙauyen an san zazzaɓin sauro ba ya kayar da danginsa, dangin Nyevu ma yakan taɓa su ne ya wuce. Da masu bincike daga Kilifi suka ɗebi jinin 'yarsu Sidi tana jaririya, suka ce ta gaji abin kariya ta ɓangaren uwa da na uba, sai Kitsao ya soke katin sakamakon a jinkar ɗaki yana nuna wa baƙi. Garkuwa biyu, in ji shi. Ganin hadari ya sa gidan ya yi wanka da kashi.

Shi ya sa da jikin Sidi ya yi zafi a tsakiyar damina, aka kwana uku ana ɗura mata jiƙon darbejiya.

"Baban Sidi, yarinyar nan ko ruwan kwakwa ta ƙi sha," in ji Nyevu.

"Tsutsar ciki ce. Sauron da ya ciji 'yata, shi za a kai asibiti."

Nyevu ta yi dariya don ta saba, amma tsoro ya riga ya zauna mata a ƙirji. Rana ta huɗu da hantsi Sidi ta fara jijjiga, idanunta suka kakkafe. Kitsao ya saɓa ta a kafaɗa, Nyevu ta goya jaririnsu Baya, suka ratsa taɓo cikin yayyafi har asibitin gunduma.

Sista Jumwa, dattijuwar da ke kula da ɗakin yara, ta sa wa Sidi ƙarin ruwa kafin ta karɓi katin da Kitsao ya taho da shi. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau.

"Wa ya ce muku garkuwa biyu ce?"

"Ga shi nan a rubuce, Sista," in ji Kitsao.

"Abin da ke rubuce daban, ɗana. Kai ka ba ta ƙwayar sikila guda, in ita kaɗai ce tana karewa. Ga kuma wani gadon da ya yi yawa a dangin uwarta, mai ƙanƙanta ƙwayoyin jini, shi ma in shi kaɗai ne yana karewa. In suka haɗu a jini ɗaya sai su zama kamar mutum biyu a bakin ƙofa, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Yaro ya tashi kamar bai gaji komai ba. Mu ma daga baya muka gane."

Kitsao ya zuba wa katin ido. Nyevu ba ta taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba, kuma wannan ya fi jijjigar tsorata ta.

"Za ta tashi?" ta tambaya.

"Mu ga yamma tukuna." Sista Jumwa ta miƙa wuya ta dubi goyon. "Shi wannan, a ina yake kwana?"

Nyevu ta kai hannu baya ta taɓa ƙeyar Baya. Tun safe take jin ɗuminsa yana ratsa zanenta, tana gaya wa kanta zafin rana ne. Kwana biyu ke nan rana ba ta fito ba.