Jitar Suruki

Tun da aka ƙaddamar da shari'a, masu garaya suka ɗauke ƙafa daga zauren Baba Ɗanmusa da ke Limawa a garin Dutse. Ba wanda ya hana shi sana'arsa, ba kuma wanda ya zo. Mutumin da ya tsufa yana jeme fata yana ɗaura tsirkiya, sai ga shi yana wuni korar kaji daga shanyar gero. Ana cikin wannan zama 'yarsa Munira ta shigo da wani abu nannaɗe a zane.

"Baba, jitar maigidan ce. In ya danna sai ta riƙa yin zirr. Ta mahaifinsa ce, Allah ya jiƙansa, ita kaɗai ya gada. Bai ma san na ɗauko ba, ya tafi aiki Haɗeja."

Tijjani, mijin nata, akawu ne a sakatariya. Tsakaninsa da tsohon sai gaisuwar surukai: ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, kowa idonsa a ƙasa. Ɗanmusa yana ƙaunar yaron nan, ya dai rasa ta inda zai nuna. Yau ga hanya ta zo har gida, har da murmushinsa.

Ya juya jitar ya dubi wuyanta. Wuyan garaya sumul yake, yatsa ya yi yawonsa yadda ya so. Wannan kuwa an gitta mata ƙarafa tun daga sama har ƙasa. Ya danna waya ya kaɗa, ya ji tana bugun ƙarfen da ke gaba.

"Ga ɓarawo a fili," in ji shi. "Wanda ya ƙera wannan bai san kiɗa ba."

Ya ɗauko faffaɗan magagarinsa na wasa fartanya, ya hau ƙarafan sama da guga har bayansu ya baje yana sheƙi. Da ya mai da wayoyi ya kaɗa, sai ya ji ɓarnar da ya yi. Muryar ta dushe, zirr ɗin ma ta ƙaru. Ya gangara inda magagari bai taɓa ba, ya ji murya tangaran. Ya shafa ƙarafan wurin, bayansu a kumbure kamar ƙwayar alkama. Ashe a kan wannan ɗan tudun waya take zama ta ba da murya. Garin neman gira ya taɓa ido, idon ma na suruki.

Washegari ya tafi maƙera wajen abokinsa Muntaka, ya faɗa masa komai. Muntaka ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Karambanin akuya, gai da kura! Kai da gemunka, ina kai ina jita?"

"Yi dariyarka ka gama, sannan ka fito min da magagaranka."

Muntaka ya zube su a buzu. Ɗanmusa ya ture faffaɗan, don irinsa ne ya yi ɓarnar. Ya ɗauki mulmulalle mai kama da wutsiyar ɓera, ya ga rami zai yi, shi kuwa tudu yake nema. Ya daɗe yana jujjuya wani siriri mai gefe uku, na wasa haƙoran zarto. Wannan zai ci kafaɗun ƙarfe ya bar tsakiya, sai dai kaifin gefensa zai yagi katako.

"Kashe min bakin nan a dutse," ya ce. "Kada ka bar masa kaifi ko na yankan tuwo."

A gida ya rufe katakon da ƙyallayen fata, ya shafa wa ƙarafan baƙin tukunya. Ya riƙa cin kafaɗa ta dama, ya koma ta hagu, a hankali, har baƙin ya rage siririn layi a tsakiya. Bai taɓa yi wa garayar kowa irin wannan lallashi ba. Ɗaya bayan ɗaya muryoyin suka dawo, har suka fi da. Sai ƙarfe na uku, inda ya fi danna hannu ranar farko. Ya yi ƙasa da 'yan'uwansa, kuma duk maƙerar Dutse babu magagarin da ke ƙara ƙarfe.

Ranar Juma'a da la'asar Tijjani ya zo da kansa, Munira na biye. Ya durƙusa a bakin zaure ya gaishe shi. Ɗanmusa ya miƙa jitar ta hannun 'yarsa, sannan ya ce:

"Malam, akwai wuri guda da…"

"Haba Baba, ai ko daga gani ta yi kyau."

"A dai gwada."

Tijjani ya ɗan juya gefe don kunya, ya fara wani kiɗa mai sanyi, ƙasa-ƙasa yadda ba zai fita titi ba. Munira ta raɗa wa uban cewa kiɗan marigayi ne. Ɗanmusa bai dubi fuskar surukinsa ba, yatsun yake kallo, don su ne ba sa ɓoye masa komai. Yatsa ya sauka a ƙarfe na uku, wayar ta yi zirr. Hannun ya ɗan tsaya. Da kiɗan ya zagayo, sai yatsan ya tsallake wurin ya nemi muryar a wata waya, can ƙasa. Kiɗan ya ci gaba, amma da ɗan ɗingishi.

"Kun ji ta warke!" in ji Munira.

"Malam," in ji tsohon a hankali, "da fari ba nan yatsanka ya bi ba."

Tijjani ya ƙara sunkuyar da kai. "Ai haka marigayi ma yake kaɗa shi wani lokaci, Baba."

Ɗanmusa ya san ba haka ba ne. Kunya ta kama shi, tausayi da ƙaunar yaron suka cika masa ƙirji. Ya matsa gefe, ya karkaɗe rabin tabarmarsa.

"Taso daga ƙasa ka zauna nan," ya ce. "Sake kaɗa min shi daga farko."