Maɓalli Mai Koren Ganye

Firizar ba wata babba ba ce. Iyakarta ƙugun Samejima Tokuji, tana rakuɓe a lungun kicin kusa da buhun shinkafa, kuma wata goma sha tara ke nan babu wanda ya ci ko loma ɗaya daga abin da ke ciki.

Matarsa Fusae ce ta cika ta. Da likitan Kagoshima ya ce musu ciwon ya wuce a yi masa aiki, sai ta hau jirgin ruwa ta dawo tsibirinsu, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta ɗaure kai ta shiga kicin. Mako shida tana girki. Ƙosan kifi, kaza da kabewa, wake mai zaƙi, gasasshen dankali, kowanne a robarsa. Ta san mijin da ta aura. Mutum ya shekara arba'in yana ɗaure igiyar jirage a tasha, hannu kamar faranti, amma ko ƙwai bai iya soyawa ba. Na ƙarshen ma a zaune ta dafa su, don ƙafafu sun daina ɗaukarta.

To shi kuma gogan naka, da aka gama zaman makoki, sai ya ƙi ci. Kullum da safe zai ɗaga murfin, sanyi ya buso masa fuska, ya tsaya ya kalli robobin da ke sama, ya mayar ya rufe, ya je ya jiƙa taliyar leda. 'Yarsu Mihoko ta yi faɗa a waya daga Osaka har muryarta ta dushe.

"Baba, don ka ci ta dafa fa! Ba don ka yi gadi ba!"

"Zan ci."

"Yaushe?"

"Na ce zan ci. Yaya yaran?"

Gaskiyar da bai iya faɗa mata ba ita ce, duk wanda ya ci ya tafi ke nan, ba a sake yin wani. Muddin firizar nan na gurnani a lungu, gani yake akwai sauran girkin Fusae da bai ɗanɗana ba a duniya, kuma wannan ne yake tashinsa daga shimfiɗa.

Bara guguwar teku ta ɗauke wuta awa goma sha ɗaya. Ya lulluɓe firizar da duk bargon gidan, ya zauna a gabanta har wutar ta dawo. Saboda haka bana, tun kafin watan guguwa ya kama, ya hau kekensa ya nufi shagon Habu Kanematsu.

Habu ajinsu ɗaya a firamare, kuma tun lokacin ba su taɓa gaisawa da mutunci ba. Da can rediyo da talabijin yake gyarawa. Yanzu akwatunan wuta yake sarowa daga gwanjon birni, irin batiran nan masu hannun ɗauka da ake cajinsu da farantin sola, waɗanda masu su suka mayar ko suka gaji da su. Ya farke su, ya canza abin da ya mutu, ya sayar a na hannu.

"A'a, yau gawa ta fito shan iska?" in ji Habu, ko ɗagowa bai yi ba.

"Sanƙonka ne ya haska mini hanya. Akwatin wuta nake so."

"Na me? Kai da ko wayarka ba ka iya kunnawa?"

"Na firiza."

Habu ya ajiye abin da ke hannunsa. Duk unguwar an san zancen firizar, kuma babu mai tayar da shi. Bai ƙara tsokana ba, ya shiga ciki ya jawo wani toka-toka mai ƙarce a gefe, yana nishi, ya dire shi a kan tebur.

"Sabonsa yen dubu ɗari biyu. Kai ka kawo saba'in. Amma tsaya, ba na sayar da abu a kan lamba." Ya ƙwanƙwasa gilashin da ke nuna ɗari, wato caji ya cika. "Ka ga wannan? Maƙaryaciya ce. Na sha ganin mai nuna ɗari, ka jona masa butar shayi ya faɗo ashirin. Abin da za ka yarda da shi agogo ne."

Ya jona buta, ruwa ya tafasa. Ya jona injin huda katako, ya yi ƙara har karen maƙwabta ya amsa. Ya jona hita a tsakiyar zafin watan Yuli, tsofaffin biyu suka zauna suna zufa suna kallon agogon bango awa biyu, suna musu a kan wanda malamin lissafi ya fi duka a cikinsu.

"Ina takardarsa?" in ji Tokuji da za a ɗora a motar Habu.

"Wace takarda? Na hannu ne, tsoho. Kwalinsa ma ban gani ba. Ni ne takardar. Na saita komai, kai dai ka jona ka danna wannan babban, shi ke nan."

A gida Tokuji ya yi nasa gwajin. Ya zare wayar firizar daga bango. Ya soka ta a akwatin, ya danna babban maɓalli, ya kasa kunne. Shiru, shiru, sai ga gurnanin nan ya taso. Ya rubuta lokaci a bayan kalanda. Awa hamsin da takwas akwatin ya riƙe ta kafin ya fara kukan yunwa. Ya shimfiɗa farantin sola a tsakar gida, yana bin rana yana juya shi kamar mai shanyar kifi, kwana biyu akwatin ya cika. Bai yarda ba, ya sake gwajin daga farko. Awa hamsin da bakwai da rabi. Habu ya ce in aka haɗa da sanyin da firiza ke riƙewa da kanta, ai kwana uku har da ɗoriya ba abin da zai taɓa ta. A ranar Tokuji ya kunna turare a gaban hoton Fusae, ya ce mata ta kwantar da hankalinta.

Guguwar teku ta goma sha huɗu a bana ta iso a tsakiyar Satumba. Tun hantsi lasifikar gari take kiran mutanen gangaren tudu su tashi su koma makaranta, don ƙasa na iya zaftarowa. Tokuji ya naɗe farantin sola ya shigar ɗaki, ya rufe tagogi da katakonsu, ya zauna abinsa. Ƙarfe biyu na rana wuta ta ɗauke. Ya miƙe ba gaggawa, ya mayar da wayar firiza jikin akwati. Gurnani ya taso. Sai ga hon ɗin motar Habu a ƙofa.

"Fito, Toku! Kai kaɗai ka rage a layin nan!"

"Ba inda za ni."

"Na rantse ko a kafaɗa sai na ɗauke ka, kuma bayana ciwo yake, in ya ƙarasa kai ka ja. Mihoko ta kira ni sau uku. Akwatin nan ai ba ya buƙatar ka riƙe masa hannu!"

Tokuji ya ɗauki jakarsa, ya kai ƙofa, ya dawo ya sake leƙa gilashin. Ɗarin ta koma casa'in da tara. Ɗaya ce tak ta ragu, amma sai ya fara lissafi. Idan aka wuce kwana uku fa? A nan idonsa ya sauka kan wani ɗan maɓalli a gefe, mai hoton koren ganye.

Ai kuwa ya san ganyen nan. Babu gida a ƙasar nan da ba a san shi ba. Yana jikin na'urar sanyaya ɗaki, yana jikin tukunyar shinkafa, yana jikin injin wanki: tsimin wuta. Fusae duk abin da aka sayo, kafin ta cire ledarsa ta danna ganyen. Shekara da shekaru tana bin bayansa tana kashe ƙwan fitilar da ya bari a kunne, tana ce masa almubazzari. Mutumin kirki in ya ga ganye dannawa yake yi, haka aka tarbiyyantar da kowa. Ya sa yatsa ya danna, ganyen ya kawo haske, har wani daɗi ya ji ya yi abin da za ta yaba. Ya ja ƙofa ya fita.

Ƙasar ta zaftaro kuwa, ba a kan gidaje ba, a kan hanya. Aka ce babu mai komawa gangare sai an kawo motar kwasa. Mutane suka cika zauren wasan makaranta, kowa a kan tabarmarsa, ana ta lissafin rufin da ya tashi da rake da ya kwanta. Tokuji kaɗai ne hankalinsa kwance, har yana taya matan unguwa raba ruwa.

Rana ta biyu da azahar suna cin dunƙulen shinkafa, Habu ya zungure shi.

"Ka ga amfanin abokin arziki? Da yanzu kana can kana rungume da firiza kamar kaza a kan ƙwai."

"Abokin arziki da ya manta rabin aikinsa. Ni na ƙarasa maka. Ka bar shi yana shan wuta a banza, sai da na danna masa tsimi."

Habu ya daina tauna.

"Ka danna me?"

"Ganyen."

Habu ya ajiye shinkafar a kan gwiwarsa. Ya juyo ya kalle shi. Tokuji ya shekara sittin da takwas da sanin fuskar nan, bai taɓa ganinta haka ba.

"Kane, mene ne?" in ji Tokuji, da sunan da yake kiransa tun suna yara.

"Ni na kashe shi da hannuna a shago," in ji Habu, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba irin na tukunyar shinkafa ba ne. Wannan in ya ji abin da aka jona ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya ɗauka ba kowa, ya kashe kansa gaba ɗaya. Firiza kuwa in ta yi sanyi hutawa take yi. In ta farka ta nemi wuta..." Ya shafa kansa. "Ban gaya maka ba. Ban zaci za ka taɓa ba. Toku, laifina ne."

Kai, masu ƙera abubuwan nan su ma da nasu! Ka ɗauki alamar da kowace tsohuwa ta sani, ka liƙa a kan maɓallin da ke yanke wuta, ka ce mutum ya karanta takarda.

Tokuji ya miƙe. Ya sa takalmansa ya fita cikin yayyafi. A bakin gada 'yan kwana-kwana suka tare shi. Ya roƙe su, tsoho ɗan shekara saba'in da huɗu yana ta sunkuyawa, yana cewa minti goma kawai, maɓalli ɗaya zai danna ya dawo. Suka tambaye shi ko akwai mutum a gidan, ko dabba. Ya ce babu. Suka rako shi makaranta cikin ladabi.

Sai yammacin rana ta uku aka buɗe hanya. Habu ya kawo shi, ya kashe mota, zai fito, Tokuji ya ce ya zauna.

Gidan ya yi zafi kamar tanda, ga tagogi a rufe. Tun daga zaure ya ji warin. Ruwa ya malalo daga ƙasan firizar har gindin buhun shinkafa. Akwatin wuta na nan lafiya lau, ganyensa na haske, gilashinsa na nuna casa'in da bakwai.

Ya ɗaga murfin. Babu sanyin da ya buso.

Ya bar shi a buɗe. Sannan ya ɗauko jakar shara ya durƙusa, ya fara fito da robobin ɗaya bayan ɗaya, yana juyewa. Kowace da 'yar takarda a murfi, rubutun Fusae, sunan abinci da lamba. Na saman ya san su, ya haddace su. Na ƙasa bai taɓa gani ba, kuma sai ya tarar ba suna kaɗai ta rubuta ba. Ta sha biyu: a ɗumama a hankali, kada ka ƙona mini tukunya. Ta ashirin da bakwai: wannan ka kira Habu ku ci tare. Ta arba'in: gishiri ya yi yawa, hannuna ne ya kuɓuce, ka yi haƙuri. Yana gangarawa rubutun yana ƙara karkacewa, don na ƙarshen da ta dafa su ta jera a ƙasa.

Ta can ƙasa ƙarama ce, ƙosan kifi uku ne kacal a ciki, sun yi kore. Takardar ta jiƙe, tawada ta fara bajewa, sai da ya kai ta bakin ƙofa wajen haske.

"Baban Mihoko, in ka iso nan to ka cinye duka ke nan. Madalla, na ji daɗi. Na san ka yi ƙiba. Yanzu sai ka je ka koyi girki, na sallame ka."

Ya zauna a kan dokin ƙofa da robar a cinya, ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ko ranar jana'iza, da ƙarfi, baki buɗe. Habu ya jiyo daga mota ya taho da gudu-gudu, ya tsaya a kansa ya rasa inda zai sa hannu.

"Ko ɗaya ban ci ba, Kane," in ji Tokuji. "Ko ɗaya."