Ranar da Inna Ta Rufe Ido

Ɗana ya kusa cika shekara uku bai fara magana ba. Yana cewa "mm", yana nuni da yatsa, in abin ya ƙi ya wage baki har maƙwabta su leƙo. Amma kalmar da za ka riƙe ka ce ga ta, babu. Likita ta haska kunnuwansa, ta tafa hannu a bayansa ya waiwayo, ta ce lafiyarsa ƙalau, a dai riƙa sa shi magana. Na fito ina ƙunƙuni, don gidan da yake wuni ba a rasa surutu.

Ni a kantin magani nake aiki, babansa kuma direba ne, sai ya yi kwanaki a hanya. Saboda haka yaron a gidan iyayena yake wuni, wani lokaci har ya kwana. Inna kuwa mace ce da ba a roƙonta abu. Kafin ka san kana jin ƙishirwa ta dire kofi a gabanka, tun muna yara haka take. Da jika ya zo sai abin ya zama ciwo. Maigidana take ce masa, tana yi wa Baba gori wai ta yi sabon miji mai haƙora. In yaron ya kalli saman firij, biskit ya sauko. In ya sosa ƙafa, an cire masa takalmi. Na taɓa ganin gira kawai ya ɗaga ta miƙo masa cokalinsa.

Tsoro ne ya ci ƙarfina, kada ya shiga makaranta yana "mm" yara su mayar da shi abin dariya. Na samo gidan raino kusa da kantinmu, na gaya wa Inna cewa daga sabon wata can zai riƙa wuni cikin 'yan'uwansa yara. Ta jawo kayansa da ke ninke ta warware, ta sake ninkewa. Baba ya ce ai ni ce uwarsa, ni na haife shi. Na tafi gida raina a jagule, don na san abin da zan raba ta da shi.

Baba tela ne, yanar ido ta sa ya ajiye keke. Yanzu aikinsa zama a baranda da tsohon gwangwanin maɓallai, yana lalubawa yana ware manya da ƙanana, ba don wani zai saya ba.

Wata rana aka ɗauke wuta, mai kanti ya sallame mu da wuri. Na tarar da ƙofar gida a buɗe, Inna ta tafi duba wata maƙwabciya. Ina cire takalmi na ji wata 'yar murya a shaƙe daga baranda.

"Ja."

Na leƙa. Baba ya ɗaga maɓalli sama, yaron na durƙushe a gabansa.

"Wannan fa, ɓarawon matata?"

"Baƙi."

"Babba ko ƙarami?"

"Babba."

Can yaron ya juya ya nuna butar ruwa, ya yi "mm" ɗinsa. Baba ko motsi bai yi ba.

"Malam, ni ba na ganin yatsa. Faɗi da baki."

"Ruwa."

Na jingina da bango da jaka a hannu. Na tambayi Baba tun yaushe. Shi ne ma ya fi ni mamaki. Ashe duk zatonsa yaron haka yake yi da kowa, dogon zance ne muke kukan bai iya ba. Wata da watanni muna zancen a gaban Baba, shi yana jin wani abu daban. Sannan ya ce gaskiya in uwata tana gida bai cika jin muryar yaron ba, don kafin ya buɗe baki an gama masa.

Ban san Inna ta dawo ba sai da na ji numfashinta a bayana. Ta ji komai.

"Ashe ni na rufe masa baki," ta ce a hankali.

Na fara cewa ba haka ba ne, ta ɗaga mini hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kare kanta ba. Ta ce in ba ta wata guda, in bai canja ba in ɗauke shi, ba za ta riƙe ni a zuciya ba. Tun da nake ban taɓa jin Inna ta roƙi wani abu ba, sai ranar.

Washegari na kawo shi da safe. Yana shiga ya nufi firij ya miƙa yatsa. Hannun Inna har ya tashi da kansa, na gani. Sai ta zauna a kujera, ta tura hannayen biyu ƙarƙashin cinyoyinta, ta runtse ido.

"Maigida, yau ni ma ba na gani."

Ya yi "mm". Ya ja zaninta. Ya buga ƙafa, ya fashe da kuka irin mai tara maƙwabta. Inna na zaune, hawaye na fitowa ta ƙarƙashin fatar idon, amma ba ta buɗe ba. Na makara a aiki, na kuma kasa tafiya. Daga baranda Baba ya daina kaɗa gwangwani.

Kukan ya lafa. Yaron ya hau cinyarta da ƙyar, ya sa 'yan yatsunsa yana ƙoƙarin ɗaga mata fatar ido.

"Kaka, buɗe."

Ta buɗe. Biskit ɗin ma ba wanda ya ƙara tunawa da shi. A hanyar kanti na kira gidan rainon na ce su ba wani yaron gurbin.