Rigar Sanyin Jovelyn

Rana na dukan tashar masunta ta birnin General Santos lokacin da Celso ya ɓullo cikin jibgegiyar rigar sanyi ja, ya ja zif har wuya, daga ƙasa kuwa gajeren wando ne da silifas. Masu dakon kifi suka sauke kaya don su yi dariyar a tsanake.

Rigar ta 'yarsa ce tilo, Jovelyn, wadda za ta tashi gobe zuwa aikin jinya a Kanada. Mai shago ya yi ta rantsuwa cewa tambarin da ke ƙirjin rigar ya isa shaida. To, amma mai shagon bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kofi, shi kuma Celso ko kifi ba ya saye sai ya leƙa idonsa, balle abin da zai tsare masa 'ya. Gani ya kori ji.

"Berting, buɗe min ɗakin sanyi," ya ce wa abokinsa mai gadin ma'ajiyar kifi.

"Tsufa ne ko rana ce ta taɓa ka? In ka daskare tare da kifin za mu loda ka zuwa Japan."

Jovelyn ta iso tana haki. "Haba Baba! Kowa fa kallonka yake."

"Su kalla, ba su suka haife ki ba."

Ya shiga, ya zauna tsakanin manyan kifayen da suka sandare kamar itace. Numfashinsa ya koma hayaƙi. Nan tsoro ya kama shi sosai: ashe a irin wannan wuri yarinyar za ta riƙa jiran mota kullum. Ya yi ta sauraron sanyin ya ratso rigar, shiru. Ƙirjinsa ɗumi, bayansa ɗumi.

Da ya fito yana ɗingishi, fuskarsa fal murna.

"Rigar ba ta yi ƙarya ba, gumi nake! Amma 'yar nan, sanyi ta ƙasa yake shigowa. Yatsun ƙafata sun yi ƙaura. Mu je kasuwa, safa za mu saya, masu kauri!"

A gida matarsa Nenita ta shinshina rigar, ta dafe kai. An shanya, an fesa turare, ƙarnin kifi ya ce yana nan daram. Haka Jovelyn ta hau jirgi da ita.

Da hunturu ya kankama ta kira su ta bidiyo, dusar ƙanƙara na sauka a kan jar rigar.

"Ba na jin sanyi ko kaɗan, Baba. Har yatsun."

Celso ya dubi matarsa yana hura hanci. Nenita ta ƙwace wayar.

"Ke, kin dai wanke ta ko? Kada Turawa su ce 'yata ƙazama ce."

Jovelyn ta cusa hancinta cikin wuyan rigar, ta daɗe tana shaƙar ƙarnin gida.

"Tukuna dai, Mama."