Fuskar Kunkuru

Dariyar Mama ce ta tarye shi tun daga bakin ƙofa, irin dariyar da ya manta rabonsa da jin ta. Dogo ya jingine babur ɗinsa a inuwar katanga, ya kwance akwatin saƙon da ya wuni yana yawo da shi, ya yi sallama. Ba wanda ya amsa. Mama tana zaune gaban kekenta na ɗinki, zare na reto a allura, ita da maƙwabciyarsu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Daga cikin wayar ƙarar inji ke fita, da muryar Auta, ƙaninsa.

"Yayansu, ka dawo? Zo ka ga ɗan banzan yaron nan," in ji Mama, ba ta ko ɗago ba. "Wai har daga wata ƙasa ake gaishe shi."

Ya matso, hular kwanonsa a hammata. Titi ne ke gudu a fuskar wayar, kamar ana zare shi daga ƙarƙashin taya. Kyamarar da Auta ya liƙa a haɓar hularsa tana haɗiye motoci da fitilu da mutane. Can gaba sai ga wani mai babur, akwati a bayansa, ya rungume gefen hanya yana tafiyarsa a tsanake.

"Jama'a, ga kunkuru nan da ƙoƙon bayansa," in ji muryar Auta. "Mu gaishe shi, mu wuce!"

Maƙwabciya ta tuntsire har tana dukan cinya. Mama ta share ƙwalla da gefen mayafi.

Dogo ya gane facin jan tef ɗin da ke kusurwar akwatin. Shi ya liƙa shi da hannunsa. Ya dubi Mama ko za ta gane bayan ɗan da ta goya, amma ta riga ta kai yatsa tana mayar da bidiyon farko.

Shi ya koya wa Auta babur. Shi ya riƙa bin sa a guje a filin bayan makaranta, yana riƙe da ƙarfen baya, yana ihu: burki, burki! Hular da Auta ya fara sawa ma tsohuwarsa ce. "Sannu ba ta hana zuwa," haka yake gaya masa kullum. Shekara da shekaru Dogo yana kai magani da takardu da kayan mutane ƙofa-ƙofa, bai taɓa ko goge madubin motar wani ba. Wa ya sani? Masu karɓar saƙo akwatin suke kallo, su ce an gode, su rufe ƙofa.

Da Auta ya shigo da yamma yana kaɗa makulli, Dogo ya tare shi a zaure.

"Ka san ko wane ne a bidiyon nan?"

"Haba Yaya, wasa ne fa. Ai ko fuskarka ba ta fito ba. Wa zai gane ka?"

Ya faɗa ne don ya kwantar masa da hankali. Ita ce kuwa maganar da ta kwana tana cin Dogo.

Washegari a inda masu kai saƙo ke taruwa, tun kafin ya kashe inji wani ya ɗaga murya: "Kunkuru ya iso! Ashe kwana ka yi a hanya?" Su kam sun san jan tef ɗin.

* * *

Shagon kayan babur ƙunci gare shi, yana warin sabuwar roba da man inji. Hulunan kwano sun jeru a bango kamar kawunan da ba su da idanu. Mai shagon, wani gajere mai tabarau a goshi, ya zube kwalaye a kan gilashin kanta.

"Kyamara kala-kala ce, maigida. Wannan ƙaramar ba nauyi, amma in ka shiga rami hoton rawa yake kamar mai zazzaɓi. Wannan kuwa ko a kan tsakuwa ka bi, hoton tsaye yake. Ba ta jin ruwa. Tana haɗuwa da waya, ka nuna wa duniya kai tsaye kana tafe."

"Wacce Auta yake da ita?"

"Au, kai ne yayan Auta?" Fuskar mai shago ta washe. "Ka ce babban baƙo na yi! Yaron nan ya kawo mini kasuwa, Allah ya yi masa albarka. Ƙaramar ce tasa."

"Ba ni babbar."

Mai shago ya sauke tabarau kan hanci, ya dube shi, ya yi murmushi. Ya jawo batir na biyu, don na cikin ba ya kai rabin wuni. Ya ƙara da katin ajiya, da ɗan makirfo mai gashi-gashi kamar ɓera, wai shi ke hana iska cinye magana. Sannan ya karɓi hular Dogo yana juya ta.

"Wannan hula ce ta gaske, ba irin kwanon miyar da yara ke kifawa a ka ba. To, ina za mu ɗora ta? In a tsakar ka ne, iska za ta riƙa fizgar wuyanka, ka koma gida kana juyi kamar ƙadangare. In a gefe ne, nauyi ya rinjayi kunne ɗaya. Haɓa ta fi. Abin da idonka ya gani shi mutane za su gani, har hannuwanka da agogon gudu."

"Ni fa?"

"Kai me?"

"Ta ina za a gan ni?"

"A'a, ai kyamarar hula gaba take kallo, maigida. Mai ita ba ya fitowa. In fuska kake so, sai sanda. Ana ɗaure ta a kan babur, ta juyo ta dube ka."

"Kawo sandar."

Mai shago ya sosa ƙeya. Ya waiwaya kan kanta, inda wata doguwar leda take kwance ita kaɗai.

"Saura ɗaya, kuma ƙaninka ya ce in ajiye masa. Ka ga alkawari ne. In kaya sun iso zan neme ka. Ko ku riƙa karɓa-karɓa mana, ai gida ɗaya ne."

Dogo ya kawar da kai daga ledar. Ko a nan ma an riga shi.

"Liƙa a haɓar," ya ce.

Mai shago ya goge wurin tas, ya ɓare takardar gam, ya danna mazaunin kyamarar da manyan yatsunsa biyu.

"Ka bar shi ya kwana kafin ka hau. Kuma kar ka yarda wani ya ce zai huda maka hula ya sa noti, kashe ta zai yi. Kyamara in ta fashe ina da wata. Kai kuwa ban taɓa ganin inda ake sayar da shi ba." Ya yi dariyar maganarsa, yana cusa masa safar hannu a leda. "Wannan kyauta ce, albarkacin Auta."

* * *

Bidiyonsa na farko tsaf ya fito, ba rawa ba hayaniya. Ya nuna yadda ake shiga shataletale, da yadda ake barin tazara a bayan babbar mota. Ya yi ta leƙa wayar a kowace danja. Masu kallon ba su cika benci ɗaya ba, cikinsu har da shi kansa. Mutum ɗaya ne ya yi rubutu a ƙasa: "Barci ya ɗauke ni."

Ya kai wa Mama tana tsakiyar yanka yadi. Ta ajiye almakashi, ta riƙe wayar nesa da ido, ta kalla na ɗan lokaci.

"Masha Allah, titi ya fito fes. To kai kana ina?"

"Ni ne nake tuƙin, Mama."

"Ai ban gan ka ba. Shi Auta in ya gama yakan cire hula ya leƙa madubi ya yi wa mutane murmushi." Ta miƙa masa wayar, ta ɗauki almakashinta. "Kai dai Allah ya yi ka mai hankali, Yayansu. Ban taɓa kwana da fargabarka ba."

Yabo ne, ya sani. Amma da ya fita tsakar gida sai ya tarar da kansa yana ƙyashin fargabar ma. Auta ake jira a ƙofa, Auta ake yi wa addu'a da ƙarfi, Auta ake yi wa faɗa ana dariya. Shi kuwa kamar katangar gidan, ba mai tuna ta sai ran da ta faɗi.

A ranar ne Auta ya karɓo sandarsa daga shago. Dogo yana daga ɗaki yana jin sa yana gwada ta, yana gaishe da mabiyansa da sabuwar murya.

Washegari da hantsi, bayan ya sauke saƙon wani kanti, ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya don ya sha iska. Ya cire hular ya rataye ta a madubi, kamar yadda ya saba. Da ya duba wayar da ke maƙale a kan babur, sai ya ga mutum yana kallon sa: doguwar fuska, gumi a goshi, shatin hula a kumatu. Hular ta juyo, idon kyamarar yana kansa.

Ya daɗe yana kallon fuskar. Ashe ba ta da laifi.

Ya zaunar da hular a tsakiyar kan babur, haɓarta na fuskantar sa. Ya zagaya igiyar haɓar a ƙarfen, ya ja ta tamau, ya ƙara da robar da yake ɗaure akwati. Ya girgiza ta, ba ta motsa ba. Ɗaurin Dogo ba ya kwancewa, kowa ya shaida. Ya danna inda aka rubuta kai tsaye, ya tayar da inji.

Iska ta shiga gashinsa, abin da bai taɓa ji a kan babur ba. Sanyinta har cikin kunne.

"Jama'a," ya ce, muryarsa na ɗan rawa, "ni ne kunkurun. Ga fuskata."

Lambar da ke kusurwar wayar ta motsa. Ta sake motsawa. Rubutu ya fara hawa, wani na korar wani. Kunkuru ya fito daga ƙoƙo! Yayan Auta ne wallahi! Ashe kyakkyawa ne. To a murɗa mana mu gani. Auta ya fi ka zuciya!

Ya murɗa totur. Allurar gudu ta haye inda bai taɓa kai ta ba. Zukata jajaye suka riƙa tashi a gefen wayar kamar kumfa. Ya yi dariya, ya dubi idon kyamarar sosai, yadda Auta ke duban madubi, ya buɗe baki zai ce a gaishe masa da Mama.

Bai ga motar yashin da ta tsaya a bakin shataletale ba. Masu kallo ma ba su gan ta ba, don kyamarar baya take kallo. Fuskarsa kawai suka gani tana murmushi, sai sama, sai kwalta. Daga nan sai ƙafafun mutane da suka kewaye shi, kowa da waya a hannu.

* * *

Da aka sallamo shi daga asibiti, a falo aka shimfiɗa masa katifa, kusa da keken Mama, don ta riƙa ganin sa. Rabin kansa a aske yake, ɗinki ya bi ta bayan kunne kamar sawun tururuwa. Yana ji, yana ganewa. Harshen ne ya ƙi. Magana takan taso daga ƙirjinsa cikakkiya, ta iso baki ta narke.

Yanzu Mama shi take kallo. Takan tsayar da keke a tsakiyar ɗinki ta zuba masa ido, ta gyara masa matashi, ta kira shi a hankali ko da ba abin da za ta ce. Wayarta kuwa ta jefa ta cikin kwandon ƙyallaye, ba ta ƙara taɓa ta ba.

'Yan dubiya ba su yanke ba, har da waɗanda ba a san su ba. "Shi ne kuwa," sukan raɗa wa juna a bakin ƙofa. "Fuskar ce sak."

Wata safiya Auta yana zaune a gefen katifar, ya gama ba shi shayi da cokali. Shi ya yi jinyarsa a asibiti, ya rame har wuyansa ya fito. Ya ciro waya yana dubawa, Dogo yana ganin fuskar wayar ta gefen ido. Bidiyon haɗarin ne. Wasu sun yanka shi, sun sa masa kiɗa, ya zaga inda duk bidiyoyin Auta a haɗe ba su taɓa zuwa ba. Auta ba hoton yake kallo ba. Lambar da ke ƙasa yake kallo. Ya fita daga bidiyon, ya buɗe nasa shafin, ya duba, ya sake komawa kan lambar. Muƙamuƙinsa ya motsa, kamar mai tauna abin da ya ƙi haɗiyuwa.

Dogo ya san wannan kallon. Ya san ɗacinsa.

Auta ya miƙe, ya je ga ƙusar da aka rataye hular Dogo. 'Yar ƙujewa ce kawai a gefenta, ko tsagewa ba ta yi ba. Kyamarar na nan daram a haɓa, gam ɗin ya kama da kyau. Ya juya ta a hannu, ya ja igiyar yana gwada ƙarfinta.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, ba tare da ya waiwayo ba, "ta ina ka zagayo da igiyar nan har ba ta girgiza ba?"

Dogo ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa. Burki, yake so ya ce. Burki, Auta. Hannunsa mai lafiya ya daki katifa. Abin da ya fito daga bakinsa gurnani ne, da yawu a gefen leɓe.

Mama ta taso da sauri. "Ruwa yake so. Sannu, Yayansu, ga shi nan zuwa."

Ta tallafo kansa, ta kai masa kofi baki. Ta saman kofin ya hango Auta a bakin ƙofa, hular na reto a hannunsa, rana na haska sumarsa. Labule ya koma ya rufe. Can a waje inji ya tashi.

"Sha a hankali," in ji Mama, tana goge masa haɓa da gefen mayafinta. "Ba inda za ka."