Ƙanƙara a Ƙarƙashin Gadon Kawu Sibtain

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba, ban ma san ko na isa ba. Haushi ne ya hana ni yin shiru. Yarinyar da ke ciki, bari in ce mata Mahnur.

"Ke, matsa mana! Ba ki ga kaya muka ɗauko ba?"

Mahnur ta manne da bango, masu ƙanƙara suka wuce da manyan dunƙule biyu a buhu. Maƙwabcinsu Kawu Sibtain ya cika da hantsi. Ga zafin garinsu Lahore, ga an ɗauke wuta, ɗansa kuwa sai gobe zai sauka daga Maskat, aka ce dole a jira shi. Sai aka tura ƙanƙarar ƙarƙashin gadon igiya, don gawa ta kai gobe.

A nan ƙarƙashin gadon kuwa tarin takardunsa yake: tsofaffin zanen masallatai da ƙofofin gari, irin waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a buga a takarda. Tun yana saurayi yake tara su a kwali. Mahnur kaɗai yake bari ta taɓa, ita ma sai ta wanke hannu.

Ta sami ƙanwarsa. "Gwaggo Farzana, takardun Kawu za su jiƙe."

"Takardu! Mutum na kwance kina zancen takardu? Su suka cinye shi, ko fanka mai caji bai ajiye ba. Gyara mayafinki, malama mai tabarau, ki je ki zauna."

Ta zauna cikin mata, ana tasbihi da ƙwallayen dabino a kan farin zane. Bakinta na motsi, idonta na kan ruwan ƙanƙarar da ke narkewa. Ya taho a hankali, ɗauke da dusar katakon da aka lulluɓe ƙanƙarar da ita, ya taɓa kwalin, gefen ya yi duhu. Mutanen nan da ko shayi ba su taɓa zuwa sha da shi ba, yau su ne masu iko da ɗakinsa!

Da gangan ta watsar da ƙwallayenta, suka gangara ƙarƙashin gado.

"Kai, wannan yarinya! Hannu kamar na kuturu. Kwaso su!" in ji Gwaggo Farzana.

Ta rarrafa ta shiga. Sanyi ya doki fuskarta, nauyin Kawu ya lotsa igiyar har tana gogar bayanta. Ta buɗe kwalin: takardun ƙasa duk sun manne, sun zama kamar tuwo. Zanen sama kaɗai ya ɗago: na wata ƙofar gari da aka rushe tun ba a haifi babanta ba, ga ɗan mitsitsin mutum da jakinsa a gindinta.

Ta sa shi cikin mayafi, ta fito ta zuba ƙwallayen a kan farin zanen da ake tasbihi. Daidai nan wata baƙuwa ta shigo da kuka, mata suka tashi tarbarta. Mahnur ta ɗauki takalmanta a hannu, ta sauka matakala da jiƙaƙƙun gwiwoyi.