Ganyen Tumatin Inna Kande

"Na ƙasa na ce ki tsinko, Zahra'u, ba na sama ba. Duk karatun nan bai buɗe miki ido ba?"

"Ai duk rawaya ne, Inna."

"Rawaya iri-iri ce."

Inna Kande maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Mako uku ke nan da aka maido ta daga likita, aka ce ta huta a gida, kowa kuwa ya gane wane irin hutu ake nufi. Tumatinta tushe biyar ne, cikin tsoffin bido, jarkokin roba da aka yanke, jere a gindin katanga. Irin daga lambun mahaifiyarta na Ingall ya fito. Lambun ya daɗe da mutuwa, kuma ko ƙwaya ba ta rage a ƙunshi ba. In waɗannan suka tafi ba su yi ƴaƴa ba, shi ke nan.

Na miƙa mata ganyen. Ta murza shi, ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa.

"Babu ɗigon baƙi, ba cuta ba ce. Bai naɗe ba, ba ƙwari ba ne. Da yunwar taki ce, da bai yi laushi haka ba. Je ki cusa yatsa a ƙasar."

Na dawo da yatsa duk laka, yana wari.

"Wa ke ba su ruwa?"

"Ni, safe da yamma," in ji ɗiyarta Ramata, idonta ja don rashin barci.

"Ni ma," na ce.

Sai muka tuna masu dubiya. Duk wadda ta zo, a gindin tumatin take alwala, don kar ruwa ya tafi banza, don ta samu lada.

Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Wayyo, ƴaƴana! Tausayi zai kashe su. Kamar ni da kunun nan naku. Ku bar su su ji ƙishi."

Da hantsin ranar Laraba Inna ta cika, Ramata na riƙe da kofin kunun da ta ƙi sha. Na yi kuka har muryata ta dushe.

Ranar sadakar uku gidan ya cika da mata. Da aka kira azahar, Balki mai fura ta ɗauki buta ta nufi katanga. Tushe biyu sun riga sun kwanta. Cikin ukun da suka rage, a kan na ƙarshe akwai fure ɗaya, ƙarami, bai gama buɗewa ba.

Na tashi da ƙyar, na tsaya tsakaninta da bidon.

"Yi haƙuri, Yaya Balki, ga wajen alwala can. Waɗannan gidanmu zan kai su. Ba mai ƙara zuba musu ko ɗigo sai ƙasar ta bushe."